Kafa sabar wasan tuƙin jirgin sama a Kano: ina gizo ke saƙar?

Shin mutum zai iya kafa sabarsa ta wasan tuƙin jirgin sama a nan cikin Kano, abokansa na Hotoro da Kabuga da Kurna su shigo su tashi tare, har wani ya leƙo daga Kaduna ko Jidda? Tambayar nan ta daɗe tana yawo a bakin samarin shagunan gem da ɗaliban kwamfuta. Ta ƙara ƙarfi tun da bidiyon jiragen kwamfuta ya cika TikTok da Facebook, irin wanda za ka ga jirgi na gangarowa kan titinsa, mutane kuma na rantsuwa cewa na gaske ne.

Ni ɗan yayata ne ya jawo ni cikin maganar. Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya tare ni a zaure ya ce, "Kawu, idan muka haɗa kuɗi muka sayo kwamfuta mai ƙarfi a Beirut Road, ai shi ke nan mun gama ko?" Na ce masa su riƙe kuɗinsu tukuna. Ana iya kafa sabar, wannan babu ja. Amma abin da yawancin mutane ke tsammani shi ne mai wuyar, wato ƙarfin kwamfuta, shi ne mafi sauƙi a cikin lamarin. Wahalar tana wasu wurare uku: adireshi, wuta, da mutumin da zai zauna da abin.

Mece ce saba, kuma me ya sa ake cewa keɓaɓɓiya?

Manhajar kwaikwayon tuƙin jirgi, wadda masu yi ke kira simuleta, tana lissafa yadda jirgi ke tafiya a iska: nauyinsa, ƙarfin injinsa, kaɗawar iska, sannan ta zana maka duniya a kan allo. Idan kai kaɗai kake, duk wannan a cikin kwamfutarka yake ƙarewa. Da zarar kun zama biyu, dole kwamfutarka ta san inda jirgin abokinka yake, tasa ma ta san inda naka yake, sau da yawa a cikin daƙiƙa ɗaya.

Hanya ta farko ita ce ɗaya daga cikinku ya zama mai masauki. Yana wasansa, kwamfutarsa kuma na karɓar saƙon sauran. Illar a bayyane take. In an kira shi cin abinci ya rufe kwamfuta, kowa ya faɗo daga sama. In an ɗauke wuta a unguwarsu, haka.

Hanya ta biyu ita ce a ware kwamfuta guda wadda ba wanda ke wasa a kanta. Aikinta kawai ta karɓi saƙon kowa ta rarraba wa kowa, dare da rana. Ita ce keɓaɓɓiyar saba, wadda wasu masu fassara ke ce wa uwar garke. Kwatancinta tashar mota ce. Tasha ba ta tuƙi, ba ta ɗaukar fasinja, amma kowane direba ya san inda take, kuma ko direba ɗaya ya tafi gida tasha tana nan.

Ba kowane wasa ne ke yarda ka kafa taka ba

A nan ne rashin fahimta ya fi yawa, don mutane na jin "simuleta" sai su ɗauka abu ɗaya ne.

Wanda ya fi suna shi ne Microsoft Flight Simulator. Tun 1982 ake fitar da shi, sannan kamfanin Asobo na Faransa ya gina wa Microsoft sabon zubi a 2020, wani kuma ya biyo baya a watan Nuwamban 2024. Yawancin bidiyon da ke ruɗa mutane daga nan suke fitowa. To wannan wasa, duk kyansa, ba ya ba ka manhajar kafa saba. Wasan jama'a a kan sabobin Microsoft yake gudana, abin da kawai za ka iya shi ne ka haɗa rukuni da abokanka a can. Duk wanda ya ce zai kafa maka "sabar Microsoft" a shagonsa, ko dai bai fahimci abin ba, ko yana nufin wata manhaja ta daban irin JoinFS, wadda ke haɗa kwamfutoci kai tsaye ta bayan fage. Ga shi kuma zubin 2024 na janyo mafi yawan taswirarsa daga intanet ne yayin da kake tafiya, har kamfanin ya ba da shawarar layi mai gudun megabit 50. Mai sayen data da gigabait ya san abin da wannan ke nufi ga aljihunsa.

Sai DCS World na kamfanin Eagle Dynamics, wasan jiragen yaƙi. Shi kam yana da manhajar keɓaɓɓiyar saba ta kansa, kyauta, a kan Windows take aiki, ba ta zana hoto, kuma ana sarrafa ta daga burauza. Tushen wasan ma kyauta ne, da taswirar Kokesas da ta tsibiran Mariyana, da jirage biyu, Su-25T da TF-51D. Sauran jirage da taswirori saye ake yi da dala. Abin da samarinmu ba su cika sani ba shi ne, a duk taswirorin DCS babu ta Afirka ta Yamma. Akwai Siriya, akwai Sina'i, akwai Tekun Fasha, amma babu Kano. In burinka ka zagaya Dala da Goron Dutse, ka ɓata hanya.

Na uku shi ne FlightGear, wanda masu sa kai ke ginawa tun wajen 1997. Kyauta ne ɗungurungum, taswirarsa ta game duniya, filin jirgin Malam Aminu Kano na ciki da lambarsa ta duniya DNKN. Hotonsa bai kai na Microsoft ba, gaskiya ɗaya ce, kuma kada ka sa ran ganin Kantin Kwari da rumfunansa. Sai dai manhajar sabarsa, mai suna fgms, ƙarama ce ƙwarai, tana tafiya a kan Linux, wato takwaran Windows na kyauta, tsohuwar laftof ma ta ishe ta. Ga ƙungiyar da ke son koyo ba nuna wa tsara ba, ni a ganina nan ya kamata a fara.

Akwai kuma waɗanda ba sa bukatar saba sam, amma ba su sani ba. VATSIM, da aka kafa a 2001, da IVAO, da ta girme ta da shekara uku, hanyoyi ne na duniya da kowa ke shiga kyauta, inda masu sa kai ke zama a matsayin jami'an hasumiya suna ba jirage umarni da murya kamar a zahiri. Mai Microsoft da mai FlightGear da mai wata simuleta da ake kira X-Plane duk suna haɗuwa a sama ɗaya. Sharuɗɗan su ne rajista da sunanka na gaskiya, bin ƙa'ida, da iya Turancin jirgi. Wannan na ƙarshe shi ne ke korar da yawa daga cikin yaranmu, kuma shi ne hujja mafi ƙarfi da masu son sabar gida ke da ita: wuri ne da mutum zai yi kuskure, a gyara masa da Hausa, ba tare da wani Bature ya yi masa tsaki ba.

Kwamfutar kanta

Saba ba ta zana komai, don haka katin hoto mai tsadar nan da ake rububi ba shi da aiki a cikinta. Ta FlightGear, kusan duk abin da ke kunnuwa zai ɗauke ta. Ta DCS ta fi ci, don ita ce ke lissafa jiragen da kwamfuta ke tuƙawa da makamai da motocin ƙasa. Tana son furosesa mai sauri, ram gigabait 16 ko sama da haka in shirin ya yi girma, da faifan SSD mai fili saboda taswirorin manya ne. Tsohuwar kwamfutar ofis irin ta gwanjo, in aka ƙara mata ram, ta wadatar. Shi ke nan maganar kwamfuta.

Ganuwa, ƙofa da adireshi

Yanzu muka zo wurin. Bakano ba ya bukatar dogon bayani kan ganuwa da ƙofofi. Ka ɗauki layin intanet na gidanka a matsayin birni. Rawutar da ke raba muku intanet ita ce sarkin ƙofa. Duk wanda ke ciki yana iya fita, in ya aika saƙo waje kuma amsar za ta dawo masa. Amma baƙon da ya taso daga waje ba tare da an kira shi ba, a bakin ƙofa za a tsayar da shi. Saba kuwa aikinta ke nan, jiran baƙi. Saboda haka dole ka je wa sarkin ƙofa ka ce, duk wanda ya zo ta ƙofa kaza, a kai shi gida kaza.

Ƙofofin nan lambobi ne. FlightGear na amfani da ƙofa 5000 ta tsarin aika saƙo da ake kira UDP. DCS na amfani da 10308, ta UDP da ɗan'uwansa TCP duka, sannan 8088 don shafin sarrafawa. In za ku yi magana ta rediyon wasa da manhajar SRS, ita kuma 5002. Ana shiga shafin rawuta a rubuta lambar ƙofar da adireshin kwamfutar da ke cikin gida, a kuma buɗe irin wannan ƙofar a ganuwar tsaron ita kanta kwamfutar. Aikin minti goma ne ga wanda ya saba.

Ni da yaran mun yi duk wannan, mun duba mun sake dubawa, amma abokinsu da ke Kabuga ya kasa shigowa. Kwana biyu muna zargin rawuta, har muka aro wata. Ashe ba a gidanmu matsalar take ba.

Ga abin da ke faruwa. Tsohon tsarin adireshin intanet, IPv4, adireshi kusan biliyan 4.3 kawai yake da su, mutanen duniya kuwa sun haura biliyan 8, ga wayoyi ga kwamfutoci. Adireshin ya yi kaɗan. Sai kamfanonin sadarwa, musamman na layin waya, suka koma tara kwastomomi masu yawa a bayan adireshi ɗaya, tsarin da ake kira CGNAT. Ka ƙaddara katon gidan haya ne mai ɗakuna ɗari da lamba ɗaya a ƙofa, maigadin kuma ba naka ba ne, na mai gida ne. Kai ka buɗe ƙofar ɗakinka yadda ka ga dama, baƙo ba zai wuce maigadi ba, don bai san ɗakin wa zai kai shi ba, kai kuma ba ka da ikon ba shi umarni. Mafi yawan masu intanet a Kano ta layin waya ko rawutar da ake sa wa sim suke shiga, don haka mafi yawanmu a irin wannan gidan hayar muke. Starlink ma, da ta fara aiki a Najeriya a watan Janairun 2023, tsarinta na gida a bayan CGNAT yake, duk da saurinta.

Gane haka ba wuya. Ka shiga shafin rawutarka ka ga adireshin da kamfani ya ba ta, ka kwatanta da wanda shafukan duba adireshi ke nuna maka. In sun bambanta, ko ka ga na rawutar ya fara da 10, ko yana tsakanin 100.64 da 100.127, to kana cikin gidan haya. Da mun san wannan tun farko, da ba mu wahalar da mai rawutar aro ba.

Mafita akwai. Wasu kamfanonin da ke jawo waya har gida ko ofis suna sayar da adireshi na kanka, da ƙarin kuɗi a wata. Ka tambaya kafin ka biya kuɗin haɗawa, kuma ka tabbatar wanda kake tambaya ya gane tambayar, don sau da yawa amsar da za ka ji ita ce "Yallaɓai ai layinmu akwai sauri," alhali ba sauri ka tambaya ba. In adireshin da aka ba ka mai canzawa ne, ana ɗaura masa suna ta hanyar DuckDNS ko No-IP, sunan ya riƙa bin adireshin duk inda ya koma. Wata mafitar ita ce manhajoji irin ZeroTier da Tailscale, waɗanda ke haɗa kwamfutoci masu nisa su zama kamar suna ɗaki ɗaya. Kowa sai ya saka manhajar, kai kuma ka amince da shi, don haka ba ta dace da sabar da ake son kowa da kowa ya shigo ba. Amma ga abokai takwas ko goma, ita ce hanya mafi arha, kuma tana da wata fa'ida: sabar FlightGear ba ta tambayar kalmar sirri, duk wanda ya san adireshi zai shigo, to wannan rufaffen zauren shi ke zame mata makulli.

Me ya sa jirgin abokina ke tsalle?

Mutane na auna layi da saurin sauke fim. Saba ba ruwanta da wannan sosai. Abin da ya dame ta shi ne lokacin da saƙo ke ɗauka ya je ya dawo, wanda 'yan gem ke kira fing, ana auna shi da milisakan, wato kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa.

Haske a cikin wayar gilashi yana cin kusan kilomita 200 a milisakan ɗaya. Daga Kano zuwa Legas kusan kilomita 1,000 ne. Daga Legas, wayar ƙarƙashin teku ta MainOne da aka shimfiɗa a 2010 tana tafiyar kilomita 7,000 kafin ta kai Fotugal. Zuwa da dawowa kilomita 16,000 ke nan, milisakan 80, tun ba a lissafa tsayawa a na'urorin hanya ba, ba a kuma ƙarasa Landan ko Farankfot inda sabobin haya suka fi yawa ba. Wannan iyaka ce ta halitta, kuɗi ba ya sayen ta.

Me wannan ke nufi a cikin wasa? Jirgin da ke gudun kilomita 900 a awa yana cin mita 250 a daƙiƙa. In saƙo ya makara da milisakan 200, jirgin ya riga ya wuce inda kake ganinsa da mita 50. Manhajojin na rufe wannan giɓin da hasashe, su ce tunda ga saurinsa ga inda ya dosa, yanzu yana wuri kaza. Ga mai tuƙa jirgin fasinja daga Kano zuwa Abuja, wannan ba komai ba ne. Ga masu jera jirage fiffike da fiffike ko masu artabu a DCS, babban abu ne. Kuma jinkiri mai tsayawa wuri ɗaya ya fi jinkiri mai hawa da sauka. Layin da ke ba ka 150 kullum ya fi wanda ke ba ka 60 yanzu, 400 anjima, irin abin da layin waya ke yi da daddare idan unguwa ta cika. Shi ne za ka ga jirgin abokinka yana tsalle kamar fara.

Wani abin takaici: mutum biyu na cikin Kano, in layinsu na kamfanoni daban-daban ne, saƙonsu na iya zuwa Legas ya dawo kafin ya tsallaka titi. Cibiyar musayar intanet ta ƙasa, IXPN, an kafa ta ne don rage irin wannan zagayen, amma inda kamfanoni ke haɗa layinsu ba a hannun kwastoma yake ba. Don haka saba a Kano ba lalle ta fi saba a Legas kusa da Bakano ba. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Lissafin data da na wuta

A nan ne iyaye ya kamata su saurara, tunda galibi aljihunsu ne ke ɗaukar nauyin.

FlightGear kan aika bayanin jirgi sau 10 a daƙiƙa, kowane saƙo bai wuce bait 1,200 ba. Ga matuƙi ɗaya, abin da yake aikawa bai fi megabait 43 a awa ba. Kaɗan ne. Amma saba tana aika wa kowa bayanin kowa. Mutum 10 a wuri ɗaya, kowa na karɓar na mutum 9, hanyoyi 90 ke nan, wanda a ƙurewarsa zai kusan gigabait 4 a awa. In suka zama 20, hanyoyi 380, sama da gigabait 16 a awa. Mutane sun ninka biyu, data ta ninka fiye da huɗu. Sabar tana rage nauyin ta hanyar ƙin aika maka bayanin jirgin da ya yi maka nisa fiye da mil 100 na teku, sai dai ƙungiyar Kano duk a filin Kano za su taru, ragin ba zai amfane su ba. Kuma duk wannan fita yake yi daga sabar, ɓangaren aikawa, wanda a layukan gida shi ne siririn.

Wuta kuma, kwamfutar tebur mai cin wat 100, in ta kwana ta wuni, yunit 72 take sha a wata. A farashin naira 225 da hukumar NERC mai kula da wutar lantarki ta sanya wa 'yan rukunin Band A a watan Afrilun 2024, naira 16,200 ke nan, ga waɗanda aka yi wa alƙawarin awa 20 a rana. Wanda ba ya wannan rukunin kuɗinsa bai kai haka ba, amma wutar ma ba ta kai ba. Batirin inbata mai bolt 12 da amfiya 200, in ba a son a kashe shi da wuri, rabinsa ake sha, abin da zai riƙe irin wannan kwamfutar kusan awa goma. Tayar da janareta saboda saba kuwa, kwalliya ba za ta biya kuɗin sabulu ba. Shi ya sa tsohuwar laftof ta fi dacewa da sabar FlightGear: ba ta cin wuta, kuma da batirinta a jiki. Ka ƙara da zafin watan Afrilu da ke haura digiri 40, da ƙurar hunturu da ke toshe fanka. Ɗan hakin da ka raina ke nan.

A ajiye ta a gida ko a yi haya?

Masu cewa a gida suna da hujja. Ba biyan dala, abin na hannunka, kuma yaran da suka kafa ta da hannunsu sun koyi Linux da tsarin sadarwa, ilimin da ake ɗaukar mutum aiki saboda shi. Masu cewa a yi hayar VPS, wato yankin kwamfuta a wata cibiyar ajiyar bayanai, su ma suna da tasu: adireshi na kanka yana zuwa da ita, wuta ba ta ɗaukewa, layin aikawa mai faɗi ne. Ƙaramar VPS ta Linux da za ta riƙe fgms wajen dala 5 ce a wata. Wadda za ta riƙe DCS, mai Windows da ram mai yawa, ta ninka haka sau da yawa. Ga matsalar biya, don katin naira ba kullum yake wucewa a waje ba, ga canjin dala da ba ya tsayawa wuri ɗaya. Akwai cibiyoyi a Legas da ake iya biya da naira, kuma sun fi kusa. Kowa ya tuna 14 ga Maris 2024, ranar da wayoyin teku da dama suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma intanet ya rikice, zai gane amfanin saba ta kasance cikin ƙasa.

Ra'ayina shi ne, tambayar ta zo da wuri. Ƙungiyar da ba ta taɓa tara mutum shida a lokaci ɗaya har sati huɗu a jere ba, ba ta bukatar saba mai kwana a kunne. A taru a ɗaki ɗaya ko a shagon gem, a haɗa kwamfutoci da waya a kan rawuta ɗaya. Ba data, ba jinkiri, ba maigadin gidan haya. In abin ya kama, a koma ZeroTier. In ya fi ƙarfin wannan, sannan a yi maganar haya.

Mai shagon gem da ke tunanin karɓar kuɗi a kai, ya karanta lasisi. FlightGear bai hana ba. X-Plane yana da lasisin kasuwanci daban da na gida. Kwafin sata kuma, ban da haramcinsa, ba ya shiga sabar DCS, don wasan na tantance asusun kowa, kuma dole zubin da ke kan saba ya yi daidai da na 'yan wasa. Ranar da kamfani ya fitar da sabuntawa, in mai saba bai sabunta tasa ba, waɗanda suka sabunta ba za su shiga ba.

Tsoron da dattawa ke yi, da burin da yara ke ci

Wani maƙwabcinmu da ya ji yaran na cewa "hasumiyar Kano, muna neman izinin sauka" ya kira ni gefe ya ce, "Malam, anya yaran nan ba za su jawo mana jami'an tsaro ba?" Tambayar ba ta wauta ba ce. Kano gari ne da jirgi ke da tarihi a cikinsa. A watan Nuwamban 1925 jiragen sojan saman Birtaniya uku da suka taso daga Masar suka sauka a nan, kuma har yau sararin samaniyar Najeriya a taswirar jiragen duniya da sunan Kano ake kiransa. Amma sabar wasa ba ta da wata alaƙa da na'urorin hukumar NAMA mai kula da sararin samaniya. Muryar da yaran ke yi ta intanet take bi, ba ta tashar rediyon jirage ba. Abin da doka ta sa wa ido daban ne: watsa magana a kan mitar jirage ta gaskiya, ko tayar da jirgi marar matuƙi kusa da filin jirgi.

Haɗarin da ke akwai na gaske ƙarami ne kuma na cikin gida. Ƙofar da ka buɗe wa abokai, ɓarawon intanet ma na ganinta. Kada a buɗe sai wadda ake bukata, kada a bar shafin sarrafawa ko hanyar shiga kwamfutar daga nesa a sake, kuma kada a kafa saba a kan kwamfutar da Alhaji ke ajiye lissafin kasuwa.

Su kuma yaran, a faɗa musu gaskiya: awa dubu a simuletar gida ba ta zama awa ɗaya a littafin matuƙi. Hukumar NCAA mai kula da sufurin jiragen sama na ƙirga lokacin na'urar da ta amince da ita ne kawai, a ƙarƙashin malami, irin na Kwalejin Fasahar Jiragen Sama ta Zariya da aka kafa a 1964. Abin da simuleta ke bayarwa shi ne sabo: karanta agogunan jirgi, fahimtar taswirar sauka, jin yaren hasumiya har kunne ya saba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga yaron da bai taɓa shiga jirgi ba, kullum sai dai ya ɗaga kai idan na alhazai ya wuce ta saman Fagge.

Wa zai zauna da ita?

Kowa na son a ce da shi aka kafa saba, ba mai son a kira shi ƙarfe sha ɗaya na dare a ce ta tsaya. Dole a samu mutum ɗaya, da mataimaki, da zai riƙa sabuntawa, ya ajiye kwafin fayilolin saiti, ya karɓi karo-karon wata, ya kori wanda ke zuwa yana kutsa jirginsa cikin na mutane a kan titi. Na ƙarshen nan ya fi wuya, don sau da yawa mai ɓarnar ƙanin wani ne. Sai an sa lokaci kuma, tunda saba a kunne ba kowa ciki asarar wuta ce kawai. Bayan isha'i ranar Juma'a da Asabar ya fi dacewa da yawancin mutane.

Yaran namu dai ba su sayi kwamfutar ba. Tsohuwar laftof ɗin yayata, mai fasasshen allo, ita ce ke ƙarƙashin tebur a ɗakin zaure tana riƙe da fgms. Su biyar ne a ZeroTier, na Kabuga ya shigo daga ƙarshe. Mafi ƙanƙantarsu ne ke zama hasumiya, yana ba da umarni rabi Turanci rabi Hausa. Makon jiya sun rage nisan gani a saitin yanayi ya zama kamar hazon Janairu, suka jeru za su sauka a titi na 06. Biyu sun sauka lafiya, ɗaya ya wuce filin bai gan shi ba, na huɗun kuma datarsa ta ƙare yana saura mil uku.